Kalmar Sirrin da ke Yatsuna

Litinin, 3 ga Maris

Da hannun hagu nake rubuta wannan. Likitar gashin ƙashi ta ce in riƙa rubutu kullum, ko layi ɗaya ne. To ga layi ɗaya. Kamar kaza ta taka tawada.

Laraba, 5 ga Maris

Shekara talatin da ɗoriya ina buga wa mutane takardu, tun zamanin tafireta har aka zo kwamfuta, yau ni ce ba na iya sa maɓallin rigata. Ɓarin dama ne ya shanye. Ƙafar ta fara dawowa, bakin ya ɗan miƙe, maganar ma ta kusa daidaita. Hannun ne ya kwanta a kan cinyata, kamar baƙon da ya ƙi magana kuma ya ƙi tafiya.

Tun da aka sallamo ni daga asibiti ina gidan Auta. Matarsa yarinyar kirki ce, kirkin ne ma ya yi yawa. Ko tari na yi sai ta leƙo: "Mama, kira kika yi?" Ban kira ba. Tari na yi.

Asabar, 8 ga Maris

Yau Auta ya faɗa min abin da suke ta ɓoyewa. Ya zauna a bakin gado yana murza makullin mota, na san da magana a bakinsa.

Shagona babu. Ina kwance a asibiti mai ginin ya ce zai rushe layinmu ya tayar da bene, kowa ya kwashe nasa. Auta ya kwashe nawa. Injin kwafi ya sayar, teburin ya kai gidana, kwamfutar shagon kuwa ya ba wata makaranta kyauta, bayan ya sa an goge duk abin da ke ciki, wai kada takardun mutane su faɗa hannun da bai dace ba.

"Mama, likita ya ce zaman shago ya ƙare miki. Ban so in tayar miki da hankali ba."

Ban yi masa faɗa ba. Na ce, "Littafin Malamin Tsuntsaye fa?" Ya ce wane littafi.

Wane littafi.

Lahadi, 9 ga Maris

Bari in rubuta shi a nan, ko zuciyata za ta yi sanyi.

Malamin Tsuntsaye tsohon malamin makaranta ne, ya daɗe da ajiye aiki. Rabin rayuwarsa ya yi yana bin tsuntsaye da ido: wanne ke zuwa da damina, wanne ke saƙa sheƙa a ina, kukan wanne ke canzawa in ya hango maciji. Shekara uku da suka wuce ya shigo shagona da jaka cike da rubutun hannu, ya ce littafi yake so ya zama. Muka fara. Ana cikin haka idonsa ya soma dusashewa, ya daina iya karanta rubutun kansa. Daga nan sai ya riƙa zuwa da safe, ya zauna a kujerar da ke damata, yana faɗa ina bugawa. Kusan rabin littafin daga bakinsa ya fito kai tsaye, babu shi a kowace takarda. Wasu wuraren mun gyara har na gaji da ganinsu. Mun gama ana gobe zan faɗi. Maɗaba'a tana jira.

Shi kuma burinsa bai wuce ɗaya ba: ya riƙe littafin, ya ga sunansa a bango da ɗan ganin da ya rage masa.

Hannuna ya gaji. Wannan ne mafi tsawon abin da hagu ya taɓa rubutawa tun da aka haife shi.

Litinin, 10 ga Maris

Na tuna. Ina cikin matsa ƙwallon robar da likita ta ba ni abin ya faɗo min. Da yammar da muka gama, kafin in rufe shago, na tura wa kaina littafin ta imel. Haka nake yi duk sanda na kammala babban aiki. Yana nan. Yana cikin imel ɗina.

Na sa Auta ya je gidana ya ɗauko min ƙaramar kwamfutata. Yau har ƙarin abinci na nema, surukata ta rasa inda za ta sa kanta don murna.

Talata, 11 ga Maris

Murna ta koma ciki.

Kwamfutar ta buɗe da kanta kamar kullum, ba ta tambayar komai. Amma Auta ya sabunta ta kafin ya kawo, wai taimako. Ina taɓa manhajar imel sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo. Wai manhajar tana neman izinin amfani da kalmomin sirrin da ke ajiye a kwamfutar, in na yarda in rubuta kalmar sirrin kwamfutar. A ƙasa zaɓi uku: ƙi, yarda, yarda kullum.

Na yarda mana. Wa ya ce ban yarda ba. Kalmar ce babu.

Auta ya ce, "Mama, ai wadda kike buɗe ta shago da ita ce. Ke kika ce a sa iri ɗaya."

Na sani. Kowace safiya nake buga ta, shekara da shekaru. Amma ban taɓa furta ta ba, ban taɓa rubuta ta ba, na ma daina tunaninta tuntuni. Ina gaisawa da mutane yatsuna ke bugawa. Na lalubi kaina sama da ƙasa, wayam. Ban sani ba ko ciwon ne ya share ta, ko dama can ta daɗe da tashi daga kai ta koma hannu.

Ta imel ɗin kanta kuwa ban taɓa saninta ba. Doguwa ce, kwamfuta ta ƙirƙiro ta, kwamfuta ta adana abarta.

Alhamis, 13 ga Maris

Mai gyaran kwamfuta ya zo. Mutum mai natsuwa, bai yi min irin maganar da ake yi wa yara ba, kamar yadda kowa ya koma yi min tun da na faɗi. Ya ce kwamfutar tana da wani wuri kamar akwatin ƙarfe da take zuba kalmomin sirri, makullinsa shi ne kalmar da na manta. Zai iya sa wa kwamfutar sabuwar kalma, amma akwatin ba zai buɗe da sabuwa ba, abin da ke ciki ya tafi ke nan.

Muka gwada neman sabuwar kalmar imel ta waya. Lambar da ke kai ta tsohon layina ce, wanda na yar tun ba yau ba. Suka yi min wasu tambayoyi, amsoshina ba su gamsar da su ba. Ni da imel ɗina.

Na ce in na yi ta gwadawa, ba za ta kulle ni ba? Ya ce wannan akwatin ba ya fushi, in yi ta gwadawa. "Abu ɗaya dai, Mama, kada kowa ya sake canza komai." Yana faɗa yana kallon Auta. Na ji daɗin wannan kallon.

Juma'a, 14 ga Maris

Da hagu, harafi-harafi, na gwada sunayen yarana, ranar haihuwata, sunan marigayi maigidana, sunan shagon. Duk wadda na sa sai akwatin ya girgiza kai. Da gaske girgizawa yake yi, hagu da dama. Rashin kunya.

Litinin, 17 ga Maris

Malamin Tsuntsaye ya zo duba ni, da sandarsa da tabaransa mai kauri. Surukata ta so in bari sai wani lokaci. Na ce a'a. Na faɗa masa komai, daga kwamfutar shago har akwatin da ke girgiza kai.

Can ya ce, "To hannun yana dawowa?" Na ce likita ta ce a hankali. Ya ce, "Akwai wani tsuntsu da na yi damina biyu ina jiran ya sauka inda zan gan shi. Jira sana'ata ce, Malama."

Amma da ya tashi tafiya na ga yana laluben ƙofa da hannu, alhali ƙofar a buɗe take a gabansa. Shi zai iya jira. Idonsa ne ban sani ba.

Laraba, 19 ga Maris

Abin dariya yau. Na buɗe farin shafi a kwamfutar, na ɗora hannun hagu a kan madannai inda ya saba zama, na rufe ido, na ce wa kaina safiya ce, yanzu na shigo shago. Sai yatsun hagu suka motsa da kansu. Suka ɗan jira, suka buga uku, suka sake jira, suka buga biyu. Wuraren jiran nan na dama ne, hagu yana sauraron ɗan'uwansa ya yi nasa. Na buɗe ido na ga an rubuta: barta.

Na maimaita, abu ɗaya. Na sake, abu ɗaya. Surukata ta leƙo ta karanta, ta kwashe da dariya har tana dafa bango. "Mama, ai ita ma kwamfutar ta ce a bar ta."

Ni ma na yi dariya, da karkataccen bakin nan nawa. Ba zan bar ta ba. Rabin kalmar ya shigo hannu ke nan. Sauran rabin yana cikin wancan malalacin.

Alhamis, 20 ga Maris

Na kai wa likita labari, ban zaci za ta ɗauke shi da muhimmanci ba. Ta karɓe ƙwallon ta jefa a aljihun tebur, ta ce daga yau in riƙa zuwa da madannai. "Hannunki ba da ƙwallo ya tashi ba."

Auta ya samo min wani tsohon allon madannai da ba a haɗa da komai ba. Da shi nake yini a cinya.

Talata, 25 ga Maris

Manuni ya danna harafi. Ɗaya tak, amma shi ya danna, ba ni na tura shi da hagu ba. Na ƙwala wa surukata kira ta zo ta gani. Wannan karon ni na kira.

Litinin, 31 ga Maris

Ba a faɗa wa mutum cewa abin da zafi. Daga kafaɗa har wuyan hannu kamar ana jan igiya. Kafin manuni ya tashi daga harafi ɗaya ya je na kusa da shi, gumi ya jiƙa min ɗankwali. Ni da nake gama shafi kafin ruwan shayi ya tafasa. Ɗaliban jami'a layi suke yi a shagona lokacin kundin kammalawa, wasu su tsaya kallon hannuna kawai.

Likita ta ce in daina gwada shi da na da, in gwada shi da na jiya. Magana ce mai daɗi ga wanda hannunsa biyu lafiya. Amma dai na jiya ya fi na shekaranjiya, wannan gaskiya ne.

Asabar, 5 ga Afrilu

Mun yi da Auta.

Maɗaba'a ta kira Malam, sun ce in bai kawo ba za su sa wani aikin a gaba, nasa sai ƙarshen shekara. Ƙarshen shekara, da wannan idon. Auta ya zo da shawara: a canza wa kwamfutar kalma, a buɗe min sabon imel, shi zai riƙa zuwa wurin Malam bayan aiki yana faɗa masa yana bugawa. Wai in huta, hawan jinina nake tayarwa.

Kamar abin da mutum ya faɗa shekara uku, safiya bayan safiya, zai sake fitowa daidai don an zauna an ce faɗi.

Na ce, "Ka goge min shago, yanzu abin da ya rage za ka goge?"

Ya ajiye kofin da ke hannunsa ya fita.

Da rana surukata tana shafa min man zafi a kafaɗa ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Mama, ranar da ya kwashe shagon nan, a mota ya zauna yana kuka. Kasa tuƙi ya yi, ni na je na taho da shi."

Dama bai kamata ya taɓa kwamfutar ba. Amma dai.

Laraba, 9 ga Afrilu

Yatsan tsakiya ya bi sahu. Yanzu biyu ke aiki, sauran suna kallo. Na ɗora hannu biyu a kan kwamfutar na gwada. Shirme ya fito. Da na ce to yanzu, sai hannun ya sandare, kamar ɗalibin da aka tsayar a gaban aji.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Yau ban taɓa madannai ba. Ban ga dama ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Likita ta ce na cika sa wa hannun ido. "Da can yaya kike buga ta?" Na ce ina magana da mutane, ko kallon allon ba na yi. Ta ce to a dawo min da da can ɗin.

Na faɗa a gida, sama-sama, ba wani na nufa ba. Kafin azahar sai ga Auta da teburin shago ɗaure a saman mota. Shi kaɗai ya shigo da shi falo, ya sa shi ya fuskanci taga kamar yadda yake a shago, ya cusa ɗan kwali a ƙarƙashin ƙafar nan da ke rawa. Ya ajiye kujera a dama don Malam. Ya ɗauko kofi ya sa a hagu, daidai kan tabon da kofi ya bari. Ban faɗa masa ko ɗaya ba. A ƙarƙashin teburin nan ya yi rarrafe, a gefensa ya yi aikin gida har ya gama sakandare.

Na ce, "Sannu." Ya ce, "Yawwa, Mama." Iyakar hirarmu ke nan, ta kuma isa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ta buɗe.

Bari in bi shi daki-daki, kada in manta yadda aka yi.

Malam ya zo da safe, ya zauna a damata, ya jingine sandarsa a jikin tebur kamar yadda ya saba. Surukata ta kawo shayi. Akwatin yana tsakiyar allo yana jira. Na ɗora hannu. Auta a tsaye a bayana, matarsa a bakin ƙofa ta haɗa tafukanta, har numfashinsu nake ji. Na buga. Akwatin ya girgiza kai. Na sake, ya sake. Na kore su kicin, su biyun.

Muka zauna ni da Malam. Na ɗauka zai fara ba ni haƙuri, na shirya jin haushi. Sai ya kurɓi shayi ya ce dama yana so ya faɗa min, akwai kuskure a babin balbela. Wai an rubuta tana bin shanu don ta ci abin da ke jikinsu, alhali ƙwarin da ƙafafunsu ke tayarwa daga ciyawa take bi.

Na ce, "Malam, ai haka muka rubuta. Mun gyara wannan tun bara."

Ya ce ba mu gyara ba.

Na ce mun gyara, ranar ma ana ruwa, ya manta lemarsa a shago.

Ya ce lemar ya tuna, gyaran ne bai tuna ba. Wataƙila na ɗauka na buga ne ban buga ba, ai kowa yana kuskure, balle in aiki ya yi yawa.

Ni. Ni zan ɗauka na buga ban buga ba. Raina ya ɓaci har kunnena ya yi zafi. Na juya na fuskance shi na ce, "Bari in buɗe in karanta maka abin da ka faɗa da bakinka."

Ina kallonsa na ji ƙarar. Tsohuwar ƙarar nan ta kowace safiya, ta yi nauyi, tana ɗingishi, amma ita ce. Dama ya fara, hagu ya amsa, dama ya ci gaba, hagu ya rufe. Na danna babban maɓallin gefe ban ma san na danna ba.

Da na waiwayo babu akwati. Bai girgiza ba, tafiya ya yi. Sai saƙonni suka fara zubowa daga sama, ɗaya bayan ɗaya, allon yana ta gangarawa. Na bi da ido ƙasa, ƙasa, har na kai ranar. Daga ni, zuwa ni. Ga littafin a maƙale.

Malam ya ce, "Malama, kin yi shiru."

Na ce, "Ta buɗe."

Ya ajiye kofinsa a hankali. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Babin balbela lafiyarsa ƙalau, kada ki taɓa shi."

Tsohon nan. Ashe da gangan. Na so in yi masa faɗa, dariya ta hana ni, kuka ya hana dariyar. Su Auta suka fito da gudu, surukata da ludayi a hannu. Auta ya durƙusa a gefen tebur ya sauke littafin, ya adana a filashin kwamfuta, ya tura wa kansa, ya tura wa matarsa, ya tura wa maɗaba'a.

Na karanta wa Malam shafin farko da ƙarfi. Ya cire tabarau ya riƙe a cinya har na gama.

Yau na yi nasara. Na rubuta, na ja layi a ƙarƙashi. Layin ya karkace, ba komai.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Da safe na buɗe imel, sai ga akwatin ya dawo. Ashe jiya yarda ta sau ɗaya na danna.

Amma hannun ya riga ya gane hanya. Na buɗe farin shafi tukuna, na mai da ido kan taga, na bar yatsun suka yi abinsu. Sannan na duba.

kubarniinhuta

Na daɗe ina kallo kafin ta rabu a idona. Ku bar ni in huta.

Sai komai ya dawo. Ranar da aka kawo kwamfuta ta farko shago. Yara sun taso daga makaranta sun cika min wuri, babbar tana son kuɗin littafi, ta biyun tana ƙarar babbar, Auta yana jan zanina. Mutumin da ya zo haɗawa ya ce in zaɓi abin da ba zan manta ba. Abin da ke bakina a lokacin na buga masa. Na yi dariya ni kaɗai har hawaye. Surukata ta leƙo, na ce ba komai, wani abu na tuna.

Kafin in danna wani zaɓi a akwatin na kira mai gyara, don ba na son aikin gaggawa. Na ce in na danna yarda kullum, ba na miƙa wa wani makullin gidana ba ke nan? Ya ce wannan manhajar tare da kwamfutar ta zo, kalmar imel ɗin kawai za ta riƙa ɗauka don kada ta dame ni kowace safiya. "Amma in wata da ba ki sani ba ta fito ta yi irin wannan tambayar, Mama, ki ƙi, ki kira ni." Ya kuma ce a sa sabuwar lambata a imel ɗin yau ɗin nan. An sa.

Na buga kalmar, wannan karon ina sane da kowane harafi. Na danna yarda kullum da manunin dama. Shi ya sha wahalar, shi ya cancanta.

Laraba, 23 ga Afrilu

Ina ta bin saƙonnin da suka taru. Yawanci tallace-tallace. Amma a tsakani akwai mutanena: wanda ya je ya tarar an rushe shago, wadda na buga wa takardar neman aiki ta samu, wani lauya da ke tambayar ina na koma don wai ba ya yarda da bugun kowa. Ina amsawa, biyu ko uku a rana, da yatsu bakwai. Na ce wa lauyan ina nan, amma abin da nake yi a kwana biyu yanzu sai mako biyu. Ya ce ya ji, zai turo.

Talata, 6 ga Mayu

Maɗaba'a ta aiko da gwajin littafin. Na bi shi shafi-shafi na tsinci kurakurai, wasu nasu, biyu nawa. Ban faɗa wa kowa na wane ne ba.

Malam ya zo. Na miƙa masa. Ya shafa bangon, ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafi. Sannan ya matsa kusa da taga, ya ɗaga shi har yana taɓa hancinsa, ya bi sunansa da yatsa yana karantawa harafi-harafi, a fili, kamar ɗan aji ɗaya. Ya kai ƙarshe. Ya sake daga farko.

Ya ce, "Na gani, Malama. Da idona."

Na ce to ai sai ka zauna, shayinka yana hucewa. In ban ce haka ba ban san me zan ce ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na dawo gidana. Likita ta yarda, in dai zan riƙa zuwa gashi. Su Auta suka kawo ni da teburin da komai, surukata ta share, ta cika firij kamar wadda za ta bar ni shekara.

Da za su tafi na rubuta kalmar a 'yar takarda na ba Auta, na ce ya adana inda ya san ba za ta ɓata ba. Don kada a sake shiga irin wannan ne kawai. Ban taɓa ba kowa ita ba, ko babansu bai sani ba.

Ya karanta. Ya sake karantawa. Ya ɗago ya ce, "Mama, da mu kike?"

Na ce da wa kuma.

Ya yi dariya har ya zauna a kan matakala, ya nuna wa matarsa, ita ma ta kama. Na ce su tashi su tafi kafin hanya ta cushe.

Sun tafi. Gidan tsaf, komai a inda na bar shi, ba mai leƙowa. Na yi tari ɗazu, shiru.

Da yamma na kira in ji ko sun isa lafiya. Sun isa, dama tafiyar ba nisa. Na ce su zo ranar Asabar, labulen falo yana son a rataya. Labulen zan iya sa maƙwabciya ta taya ni, ba wani aiki ba ne. Amma tunda na riga na faɗa.